Allura biyu a huhun Baffa: yadda aka yi mana a wurin ɗibar tsoka a Kano

Mutum uku ke nan suna samuna a shago suna tambayata yadda ake gwajin ƙarin huhu da allura, na ƙarshensu ma da hoton ƙirjin mahaifiyarsa ya zo a cikin leda. Ni ɗan kasuwa ne, yadi da shadda nake sayarwa a Kantin Kwari, ban taɓa leƙa ajin likitanci ba. Amma na biya kuɗin aikin nan har sau biyu, na kuma goge bencin wurin da wandona, saboda haka ina da bakin faɗin abin da na gani. Wurin wata cibiya ce ta hoto da gwaje-gwaje mai zaman kanta a nan cikin Kano. Ba zan kama sunanta ba, domin yabon da zan yi da ƙorafin da zan yi a haɗe suke.

Marar lafiyar Baffana ne, ƙanin mahaifina, wanda ya riƙe ni tun ina ɗan shekara 9. Shekarunsa 68. Direban babbar mota ne a da, Kano zuwa Legas, shanu a tafiya, kaya a dawowa, kuma kamar yawancin direbobin zamaninsu sigari ce abokiyar tuƙin dare. Ya yar da ita shekarar da ya sauke farali, amma kafin nan ta haura shekara 30 a bakinsa.

Tarin ya fara da hunturun bara, kowa ya ce ƙura ce. Ƙura ta wuce, tari bai wuce ba. Da aka fara ganin ɗigon jini a kakinsa muka kai shi wani ƙaramin asibiti a unguwa, aka yi hoton ƙirji, aka ga farin tabo a saman huhun dama. An gwada kakin da na'urar GeneXpert ba a ga ƙwayar tarin fuka ba, duk da haka aka ɗora shi a kan maganin bisa abin da hoto ya nuna. Ban cika ganin laifinsu ba. A garin nan in tsoho yana tari yana ramewa, ga tabo a saman huhu, tarin fuka ne zaton farko, kuma sau da yawa shi ɗin ne. Maganin kyauta ne, na wata 6. Baffa ya sha wata 2 bai tsallake ko rana ɗaya ba, fitsarinsa ya koma ja kamar yadda suka gaya masa zai koma, amma agogon hannunsa sai zamewa yake yana yin sama. Daga nan aka tura mu hoton CT, wanda na'ura ke ɗaukar cikin jiki yanki-yanki. Ƙari ne, santimita 5, kusan girman ƙwan kaza, ta baya, jingine da bangon ƙirji.

Likitan ƙirji ya ce hoto wuri da girma yake nunawa, ba ya faɗin sunan cuta. Abin zai iya zama daji, zai iya zama tarin fuka da ya dunƙule, zai iya zama ƙurji, sai an ɗebo an duba. Da ƙarin yana tsakiya kusa da manyan hanyoyin iska, da tiyo mai kyamara za a zura ta hanci ko ta baki a tsinko shi. Na Baffa yana gefe, don haka ta fata za a bi da allura.

A nan gida ya ɗauki zafi. Hajiya, matar Baffa, ta ce ba da yawunta ba, daji ba ya son ƙarfe. Tana da misalai kuwa, wance da aka taɓa wa nono ba ta yi wata 3 ba, wane da aka soka wa wuya. Ba ita kaɗai ba ce, duk wanda ya tashi a Kano ya san maganar nan, ni ma ta zauna mini a rai. Mako 3 muka yi ana jiƙe-jiƙen da aka haɗo daga Kurmi, da zuma, da habbatus sauda, har da hayaƙi, ga mutumin da huhunsa ne ke ciwo. Baffa da kansa ya kashe gardamar ranar da muka koma.

"Likita, tsakaninka da Allah, in kuka soka abin nan ba zai fashe ya bazu ba?"

"Baba, ba zan ce maka ba a taɓa gani ba. Amma da wuya ƙwarai a ga ciwo ya bi sawun allura. Waɗanda kake jin labarinsu, yawanci ciwon ya riga ya yi nisa kafin a kawo su, allurar tarar da shi ta yi a haka."

Baffa ya yi shiru, ya gyara hularsa, ya ce a rubuta takardar.

Wurin yana da tsafta, ga sanyin na'ura, ga janareta da ke ɗauka kafin ka gama cewa an ɗauke wuta. Ƙorafina na farko a teburin karɓar kuɗi yake. Takardar likita ta ce a ɗebo samfuri, yarinyar da ke kan tebur ta ce iri biyu ne, akwai ƙarama akwai babba, kamar mai sayar da lemon kwalba. Kuɗin ƙaramar bai kai rabin na babbar ba. Na tambayi bambancinsu, ta ce duk allura ce. Ban ga laifinta ba, ba aikinta ba ne, amma kamata ya yi a ce wanda ya san aikin ya zauna da mutum minti 5 kafin ya zaro katin banki. Ni da na riga na biya kuɗin CT a watan, ga kuɗin makarantar yara, sai na zaɓi ƙarama. Kullum a shago ina gaya wa masu saye araha ba ta ado, ranar na manta.

Na biyu ya fi ba ni haushi. An sa mana rana, an yi gwajin jini don a ga ko yana daskarewa yadda ya kamata, an ce Baffa ya zo bai karya ba. Sai da ya sa rigar asibiti sannan nas ta tambayi magungunan da yake sha. Yana shan asfirin ƙarami kullum tare da maganin hawan jini. Nan take aka ce ba za a yi ba, asfirin yana tsinka jini, sai ya dakatar da shi kwana 5. Hukuncin daidai ne, kuma gara da suka tsaya. Amma tambaya ce da za a yi tun ranar da aka karɓi kuɗi. Tsoho ya taso daga Kurna a adaidaita sahu da yunwa, ya koma da yunwa.

Aikin kansa kuwa ba ni da abin cewa sai sambarka. Likitan hoton matashi ne, Hausarsa tas, kuma bai yi gaggawa ba. Kafin a kwantar da Baffa sai da suka yi ta gwada riƙe numfashi tare, ja kaɗan, tsaya, saki, domin huhu yana hawa yana sauka da numfashi, ƙarin ma yana binsa, in ba iri ɗaya mutum yake ja kowane karo ba allura za ta kuskure. Ƙarar inji ta shekaru ta taɓa kunnen Baffa, don haka aka bar ni na tsaya bayan gilashi inda suke da kwamfuta, ina maimaita masa umarnin ta lasifika. Rub da ciki aka kwantar da shi. Aka ɗauki hoto, aka sa alama a bayansa da alƙalami, aka goge, aka yi allurar kashe wurin, wadda ya ce ita ce ma ta fi zafi a duk aikin. Likitan ya nuna mini cewa ta saman haƙarƙari ake bi, saboda jijiyoyin jini da jijiyoyin jin zafi a ƙarƙashin kowane haƙarƙari suke kwance. Ya tura kaɗan, ya fito, a ɗauki hoto, ya koma ya gyara. A kan allon kwamfuta ina ganin allurar kamar farin tsinke tana kusantar curin.

Wannan ƙaramar ita suke kira FNAC. Siririya ce, lamba 22, kuma a lissafin allurai yadda lamba ta yi sama haka allura ke ƙara sirancewa. Sirinji ake haɗa mata a zuƙo. Abin da ya fito bai fi ɗigo biyu ba, ruwa-ruwa da jini. Aka shafa a kan 'yan gilasai, wasu aka tsoma su cikin sifirit nan take, wasu aka bar su su bushe. Duka-duka rabin awa. Aka kwantar da shi ta ɓangaren da aka soka, aka hana shi surutu da tari, bayan awa 2 aka yi hoton ƙirji aka sallame mu. A hanya har tsayawa muka yi ya sha fura.

Kwana 3 sakamako ya fito, shafi ɗaya. Likitan ƙirji ya karanta mana: yawancin abin da aka zuƙo matattun ƙwayoyin halitta ne da alamun kumburi, akwai 'yan kaɗan masu ban shakku, ba su isa a yanke hukunci ba, ana ba da shawarar a ɗebo tsoka. Wato tsugune ba ta ƙare ba. Hajiya ba ta ce komai ba, kallona kawai ta yi, kuma da ta yi magana da ya fi mini sauƙi.

Na koma cibiyar da faɗa a bakina. A nan ne aka haɗa ni da likitar da ke duba gilasan, wata dattijuwa mai magana a hankali, kuma ita ce ta fara yi mini bayanin da ya kamata in ji tun farko. Ta ce ƙari in ya girma yakan fi ƙarfin jinin da ke ciyar da shi, sai tsakiyarsa ta mutu ta ruɓe, rayayyen yana baki-baki. Allurarmu cikin ruɓaɓɓen ta faɗa. Ta ce akwai wuraren da ma'aikacin ɗakin gwaji ke zama a gefe da madubin likita da rini mai saurin kamawa, a duba gilashi cikin 'yan mintoci tun marar lafiya yana kwance, in bai isa ba a sake zuƙa. Ranar da aka yi wa Baffa babu kowa a gefe. Wannan shi ne babban gibin wurin a ganina, domin da akwai, da ba a soki tsohon nan a rana biyu ba. Ta kuma ja kunnena da cewa sakamakon da bai ga daji ba, ba shi ne ya ce babu daji ba, kada mu koma gida mu ce an wanke shi.

Tana bayani ni kuma shago nake gani. In aka kawo mini yadi ana musu, nakan zaro zare ɗaya in kyasta masa ashana: auduga takan ci ta zama toka, roba takan narke ta dunƙule. Zare ɗaya ya isa in ce maka wannan roba ce. Amma in ka tambaye ni wace saƙa ce, wane zane ne, ta wane kamfani ce, sai ka yanko mini ƙyalle. Ƙaramar allura zare take zarowa, ƙwayoyin halitta a warwatse. Babbar ƙyalle take yankowa, a ga yadda suka jeru, da yadda suka ci naman da ke kusa da su. Na faɗa mata haka, ta yi dariya ta ce za ta ara.

Bayan mako 2 muka koma don babbar, wadda suke kira bayofsi. Ba su rage mana ko kwabo ba duk da na roƙa, wannan ma na rubuta shi a cikin ƙorafi. Shiri iri ɗaya ne, sai dai an fara yi masa allurar ruwan da ke haska hoto don a gane inda ke da rai, likitan ya nufi gefen ƙarin. Allurar lamba 18 ce. Akwai wata kamar bututu da ake kafawa sau ɗaya, mai yankan tana shiga ta cikinta, don kada a yi ta huda huhu. Tana da ɗan kunama, in aka danna sai ta yi ƙas, kamar tarkon ɓera. Abin da ya burge ni, likitan ya fara harba ta a iska kusa da kunnen Baffa har sau biyu, ya ce, "Baba, ka ji wannan? In ka ji ta kada ka zabura." Sau 3 ya yanko. Kowane yanki bai wuce santimita 2 ba, siriri kamar guntun taliyar murji, fari-fari. Aka saka su a 'yar kwalba mai ruwan fomalin, aka rubuta sunansa a gabana, aka sa na karanta na tabbatar.

Wannan karon ba mu sha fura a hanya ba. Baffa ya yi tari ya fitar da jini kamar cokali guda, sannan hoton bayan aiki ya nuna iska ta ɗan zubo tsakanin huhu da bangon ƙirji, huhun ya ɗan janye. An riga an gaya mana kafin in sa hannu cewa hakan na faruwa ga kusan mutum 1 cikin 4 ko 5, kuma kaɗan ne daga cikinsu ake sa wa roba a ƙirji don a fitar da iskar. Ji daban, gani daban. Gwiwata ta yi sanyi. Suka sa masa iskar oksijin, suna auna shi a kai a kai, suka sake hoto bayan awa 4 suka ga ba ta ƙaru ba, sannan suka bar mu muka tafi da sharaɗin mu dawo da safe a sake. Nas ɗin da ke kansa, wadda tun safe take ce masa Alhaji tana tsokanarsa da labarin hanyar Legas, ta rubuta mini lambarta a bayan rasit: in numfashi ya yi wuya ko ƙirji ya soke shi, kada mu jira gari ya waye. Ƙarfe 11 na dare na kira ta saboda ya ce kafaɗarsa na ciwo, ta ɗauka, ta yi mini tambayoyi, ta sa na ƙirga numfashinsa a minti ɗaya. Allah ya saka mata. Iskar ta tafi da kanta cikin 'yan kwanaki. An hana shi ɗaukar kaya mai nauyi da hawa jirgin sama na ɗan lokaci, ya ce dama bizarsa ta Ingila ba ta fito ba.

Sai jira. Tsoka ba a duba ta da ɗanyenta. Sai ta kwana a fomalin, a tsotse ruwanta, a zuba ta cikin narkakken kyandir ya daskare, a yanka ta da wata na'ura ta fi fatar albasa siranta, a rina, sannan a duba. Sun ce mako 1, ya zama kwana 12, kuma ba wanda ya kira ya ce ana nan ana yi. Ni na riƙa barin yaro a shago ina zuwa. Da ya fito, ya tabbatar daji ne, ba na ƙananan ƙwayoyi ba, amma ana buƙatar ƙarin rini na musamman don a san wane ne a cikin sauran. Wani kuɗin ke nan da ba a taɓa ambata mana ba, da wasu kwana 9.

Da farko na ɗauka hanyar tatsa ce kawai. Daji ai daji ne. Ashe ba haka ba ne. Dajin huhu gida biyu ne manya: mai ƙananan ƙwayoyi, kusan 15 cikin 100, mai saurin yaɗuwa, wanda da wuya a yi masa tiyata, da sauran, kusan 85 cikin 100. A cikin sauran akwai adinokasinoma, wanda ake samu har ga matan da ba su taɓa riƙe sigari ba, da sukwamas, wanda ya fi bin masu shan taba. Rini biyu aka yi wa na Baffa, TTF-1 bai kama ba, p40 ya kama, wato sukwamas ne. Magungunan da ake haɗa wa wannan ba duka ne ake ba wa wancan ba. Kuma ƙwayoyin haɗiya masu tsada da wani ɗan uwanmu ya gani a intanet yana ta turo mana a WhatsApp, na masu canjin halittar da ake kira EGFR ne, wanda galibi a adinokasinoma ake samu. Da mun sayar da fili mun saye su a banza. An kuma rina tsokar don neman ƙwayar tarin fuka ba a gani ba, sai a lokacin likita ya ce a ajiye maganin da ya shafe wata 4 yana haɗiya.

Kada in zalunci ƙaramar allura. A bencin jira na saba da wani malamin makaranta da ya kawo ƙanwarsa mai kaluluwa a wuya. Ita ko CT ba a shiga da ita ba, a zaune aka zuƙa, minti 10, bayan kwana 2 aka ce tarin fuka ne, ta fara magani. Likitar ma ta gaya mini cewa mai ƙari a huhu in yana da kaluluwa a saman ƙashin wuya, a nan ake fara sa siririyar allura, domin ba a taɓa huhu ba, kuma in an samu ciwon a can an san har inda ya kai. Shi ya sa suka yi ta lalube wuyan Baffa ranar farko ban gane dalili ba. Ƙaramar allura tana da sauri, tana da sauƙin kuɗi. Ga ƙari babba mai ruɓaɓɓiyar tsakiya ne, a wurin da babu mai duba gilashi nan take, ta zama caca.

Wanda ya zo da hoton mahaifiyarsa ya tambaye ni ko ya kai ta can. Na ce ya kai ta, hannun likitan nan da kulawar nas ɗin nan sun ishe ni shaida. Amma na ce kada ya biya ko sisi sai ya ga likitan da zai yi aikin ido da ido, ya tafi da duk magungunan da take sha a leda, ya tambaya ko za a iya yin zuƙa da yanka a zama ɗaya tunda bututun ɗaya ne, ya kuma sa a rubuta masa kuɗin rini na musamman tun farko, ko da ba za a kai ga yinsa ba.

Abu na ƙarshe da na yi da su shi ne karɓo kyandirin. Ban san ana bayarwa ba sai da likitan ƙirji ya ce mu tafi da shi wurin likitocin daji a asibitin Shika da ke Zariya, ko za su so su sake dubawa ko su yi wani gwajin, ba sai an sake soka Baffa ba. Sai da na rubuta takardar neman izini na yi sawu biyu. Wata 'yar farar roba ce da ba ta kai gidan ashana ba, da lamba a jikinta, tsokar na ciki kamar ɗigon datti a cikin kyandir. An ce kada a bar shi a rana ko a cikin mota, zai narke. Hajiya, wadda ta ce ba da yawunta ba, ita ta naɗe shi a ƙyallen shadda ta sa a gwangwanin alawa tare da faifan CT, ta ajiye a ƙarƙashin gadonta inda ya fi sanyi. Jiya Baffa ya sa aka ɗauko masa, ya ɗaga shi saitin taga ya daɗe yana kallo, ya ce, "Yanzu ɗan wannan abin ne ya ci kuɗin taya huɗu?" Ranar Talata da asuba za mu kama hanyar Zariya.